NUMFASHIN YARO ABIN ƘIDAYA NE

Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan yankin Dumega



Maganar yau ta shafi abin da kowane mai rai yake yi dare da rana ba tare da ya lura ba, wato numfashi. Babban mutum mai lafiya yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a cikin minti guda, kuma yakan tsufa bai taɓa tsayawa ya ƙidaya ba. Amma ga jariri da ƙaramin yaro wannan ƙidaya takan raba tsakanin wanda za a kai gidan likita da sauran ƙarfinsa da wanda za a kai bayan lokaci ya ƙure. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da lissafi cewa a shekarar 2019 ciwon huhu, wanda jama'a ke kira ciwon haƙarƙari ko ciwon awazu, ya kashe yara 740,180 ƴan ƙasa da shekara 5 a duniya, wato 14 cikin 100 na dukan yaran wannan tsara da suka rasu a shekarar. Mafi yawansu ƴaƴan Afirka ne da na kudancin Asiya, kuma mafi yawansu da sun rayu in da an gane ciwon da wuri, domin maganinsa sananne ne, ba shi kuma da tsada.

An zaɓi a yi wannan magana da ƴan kasuwa da ma'aikata saboda dalilai uku. Su ne ke da agogo da wayar salula. Su ne ke riƙe da kuɗin gida. Su ne kuma ake jiran izininsu kafin uwa ta goya ɗa ta nufi gidan likita. Ɗan kasuwa ba ya karɓar buhun hatsi a kan an ce masa ya cika, sai ya auna da tiya. Ma'aikaci ba ya sa albashi aljihu sai ya ƙirga. To numfashin yaro ma abin ƙidaya ne, kuma minti guda ya isa.

Yadda ciwon ke cin yaro

Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkuna waɗanda iska ke shiga ta ba jini abin da yake bukata daga gare ta, wato oksijin. Idan ƙwayoyin cuta suka gangara daga hanci da maƙogwaro suka shiga waɗannan jakunkuna, sai su cika da ruwa da mugunya, wurin da iska za ta zauna ya ragu. Jiki ba shi da wata dabara sai ya ƙara saurin numfashi don ya cike giɓin. Wannan ita ce alama ta farko. In ciwon ya ci gaba, huhu ya yi tauri, sai yaro ya riƙa ja da ƙarfi har ƙasan ƙirjinsa ya riƙa lotsawa ciki. Wannan ita ce ta biyu. Hanyoyin iskar yaro ƙanana ne, ƙashin ƙirjinsa bai yi ƙwari ba, tsokarsa kuma ba ta da juriyar ta babba. Saboda haka yakan gaji, ya daina shan nono domin ba ya iya haɗa tsotso da numfashi, ya yi laushi, ya riƙa barcin da ba na hutu ba. Abin da babban mutum zai yi mako yana fama da shi yana iya gamawa da jariri cikin kwana ɗaya ko biyu.

Jama'a kan ce sanyi ne ya kama yaro. Akwai abin dubawa a wannan magana, domin a nan cikin Dallol Mawri daren Disamba da Janairu yana da sanyi ƙwarai, iskar hunturu kuma tana zuwa da ƙurar da ke busar da hanci da maƙogwaro. Amma ƙwayoyin cuta ne ke kawo ciwon, kuma abin da ke taimaka musu shi ne yadda ake kwana a wannan lokaci: mutane da yawa a ɗaki guda, ƙofa a rufe, wuta tana hayaƙi a tsakar ɗaki, mai tari yana kusa da jariri.

Yadda ake ƙidaya

A tsakiyar shekarun 1990 OMS da UNICEF suka tsara hanyar duba yaro marar lafiya wadda ma'aikacin ƙaramin gidan likita zai iya bi ba tare da hoton ƙirji ba, ita ce ake kira PCIME a gidajen likitar Nijar. Ginshiƙinta game da tari shi ne ƙidayar numfashi, kuma babu abin da ke cikinta da ya fi ƙarfin uba ko uwa.

Sharaɗin farko shi ne yaro ya kasance a natse. Wanda ke kuka ko yake tsotson nono ko ya dawo daga guje-guje ba a ƙidaya numfashinsa. A bari ya lafa a cinyar uwarsa, ko barci yake ma ya yi. Sai a ɗaga rigarsa a zuba ido ga cikinsa ko ƙirjinsa. Tashi ɗaya da sauka ɗaya shi ne numfashi ɗaya. A ƙidaya har minti guda cur, daƙiƙa 60, kada a ƙidaya rabi a ninka, domin numfashin yara yakan yi sauri ya kuma yi sanyi a cikin minti ɗaya. Ya fi sauƙi mutum biyu su yi: ɗaya yana duban agogo, ɗaya yana duban yaro. Wanda yake gudun kada lissafi ya ɓace masa ya ɗauki tasbaha, ya riƙa tura ƙwaya ɗaya a kowane numfashi, in minti ya cika ya ƙirga abin da ya tura.

Lambobin da za a riƙe uku ne. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in numfashinsa ya kai 60 ko ya wuce, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa ƙasa da wata 12, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da shekara 5, iyakar 40 ce. Wato 60, 50, 40, yaro na girma lambar na raguwa. Ya kamata a rubuta su a bangon ɗaki ko a bayan katin awo, yadda ake rubuta bashi a littafin kanti. Yaron da ke tari, numfashinsa kuma ya kai iyakar tsararsa, a kai shi gidan likita a ranar, ko da yana wasa, ko da yana cin abinci. Zafin jiki ma yana ƙara saurin numfashi, amma rarrabe wannan da wancan aikin majo ne, ba na gida ba.

Abin da ido zai gani, kunne ya ji

Bayan ƙidaya sai kallo. Yaro mai lafiya in ya ja numfashi, ƙirjinsa da cikinsa suna tashi tare. Wanda huhunsa ya yi tauri, in ya ja iska sai ƙasan ƙirjinsa, daidai inda haƙarƙari ya ƙare, ya faɗa ciki alhali cikinsa yana tasowa. Wannan lotsawa in ana ganinta a kowane numfashi, yaro kuma yana natse, alama ce ta cewa ciwon ya yi nisa. Wadda ake gani lokacin kuka kawai ba ita ake nufi ba.

Akwai waɗansu alamu na fuska da kai. Ƙofofin hanci su riƙa buɗewa suna rufewa tare da numfashi. Kan jariri ya riƙa rausayawa gaba da baya a kowane ja, domin ya kai ga yin aiki da tsokar wuya. Leɓe da harshe su yi duhu ko shuɗi-shuɗi. A jikin baƙar fata wannan canji ba ya fitowa a kumatu, saboda haka sai a buɗe baki a dubi harshe da dasashi da cikin leɓe, a wurin haske, ba a cikin duhun ɗaki ba.

Kunne kuma yana da nasa aiki. Nishi gajere a ƙarshen kowane numfashi, kamar na mai ɗaukar kaya, alama ce mai tsanani, musamman ga jariri. Ƙara mai kaushi lokacin jan iska ciki, yaro yana natse, tana nuna hanyar iska ta ƙuntace a maƙogwaro, kuma tana iya toshewa baki ɗaya. Fito siriri lokacin fitar da iska yana nuna ƙananan hanyoyin cikin huhu ne suka matse, kamar yadda yake faruwa ga mai fuka, ko ga jarirai a lokacin mura mai sauka ƙirji. Gurgurar majina a hanci dabam take. In an share hanci takan ragu.

Sa'an nan akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu, ko da tsakar dare ne, ko da ranar kasuwa ce: yaro ya kasa sha ko kama nono, ya riƙa aman duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ya yi laushi har tashe shi ya yi wuya, ko ya suma. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa. A lura da wani abu mai ruɗi: yaron da ya wuni yana haki, da dare ya yi tsit numfashinsa ya yi ƙasa alhali bai farfaɗo ba, bai nemi nono ba, wannan gajiya ce ta kama shi, kuma ita ce mafi hatsari, ko da yake mutanen gida kan ɗauka sauƙi ne ya samu.

Jaririn da bai kai wata biyu ba

Sabon haihuwa yana da hukunci nasa. Numfashinsa ba ya tafiya daidai: yakan yi sauri, ya ɗan dakata na ƴan daƙiƙu, ya ci gaba, kuma wannan ba ciwo ba ne. Shi ya sa in an samu 60 ko fiye sai a sake ƙidaya. In ta biyu ma ta kai, a tashi. Ƙirjinsa mai taushi ne, ƴar lotsawa kaɗan ba komi ba ce, amma mai zurfi da ake gani daga nesa abin gaggawa ce. Dakatawar da ta kai daƙiƙa 20, ko wadda ta zo da canjin launin leɓe, ita ma haka. Sau da yawa jariri mai ciwon huhu ba ya tari, ba ya ma zafin jiki. Jikinsa yakan yi sanyi fiye da kima, ya rage tsotso, ya daina motsi sai an taɓa shi. Al'adar zaman jego da jiran ranar suna ba ta hana fita da irin wannan jariri. Ragon suna yana iya jira, numfashi ba ya jira.

Ba huhu kaɗai ba

Wahalar numfashi tana da waɗansu sabubba da ya kamata mutanen wannan yanki su sani. Na farko masassarar cizon sauro, wadda ke yawaita daga tsakiyar damina zuwa kaka. In ta yi tsanani takan shanye jinin yaro, sai a ga yana jan numfashi mai zurfi, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Irin wannan yaro yana iya bukatar ƙarin jini, kuma ba a samun wannan sai a babban gidan likita kamar na Dogon Dutsi ko na Doso. Ciwon huhu da masassara suna kama da juna, suna kuma iya haɗuwa a jikin yaro guda; abin da ke raba su shi ne gwajin digon jini da ƙidayar numfashi, a yi su duka biyu.

Na biyu shaƙewa. Ƙasar Arewa ƙasar gyaɗa ce da gujiya da wake, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta toshe hanyar iskar yaro mai rarrafe. Alamarta ita ce zuwa farat ɗaya: yaro yana lafiya yana ci ko wasa, sai tari ya sarƙe shi. In yana tari da ƙarfi yana kuka, a bar shi ya yi, kada a zura yatsa a lalube, domin yatsa yakan ƙara tura abin ciki. In ya kasa kuka ya kasa tari, wanda bai kai shekara ba a kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a buge shi sau 5 da gindin tafin hannu a tsakanin kafaɗu, sa'an nan a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5 da yatsu biyu, a yi ta maimaitawa har abin ya fito. Ko ya lafa, in tari ko fito ya ci gaba a kwanakin baya, a kai shi a kuma faɗa wa majo cewa da gyaɗa abin ya fara, domin ƙwayar tana iya zama cikin huhu ta ruɓe.

Na uku ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye. Dumega tana kusa da iyakar Nijeriya, kuma fetur da kananzir a cikin kwalabe da gorunan ruwan sha ba baƙon abu ba ne a gidaje da bakin hanya. Yaro mai ƙishirwa ba ya bambanta su da ruwa. In ya kurɓa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin illar man tana faruwa ne in ya shiga huhu, amai kuwa shi ke kai shi can. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a kai shi gidan likita ko da ya yi kamar ba abin da ya same shi, saboda hakin yakan bayyana bayan sa'o'i.

Na huɗu cututtukan da rigakafi ke hanawa: dusa, wadda a ƙetare ake kira ƙyanda, da tarin shiƙa, da mashaƙo. Mashaƙo, mai shimfiɗa farar fata a maƙogwaro ya kumbura wuya, ya ɓarke a Kano da jihar Damagaram a shekarar 2023, kuma yaran da ba a yi wa allura ba ya fi kamawa.

Inda lokaci ke ɓacewa

Yaran da ciwon huhu ke kashewa, galibinsu ba rashin magani a duniya ya kashe su ba, kwanakin da aka ɓata ne kafin a kai su ga maganin. Kwana na farko yakan tafi a kan cewa mura ce. Na biyu a kan jiƙo da turare da shafe-shafe. Na uku a kai wa wanzami ya cire hakin wuya ko ya yi tsaga a haƙarƙari. Wanzamai mutanen mutunci ne a cikin al'umma, suna da ayyukan da aka san su da su, amma hakin wuya ba shi ke kawo haki ba, mugunyar da ke cikin huhu kuma ba ta fita ta tsagar fata. Yaron da yake fama da jan iska, in an ƙara masa zubar jini a maƙogwaro, an ɗora masa kaya a kan kaya. Hayaƙin turare ma ƙuntata ƙirji yake ƙara yi.

Sai kuma maganin tebur da na masu yawo da kwali a kasuwa. Mai sayarwa bai ƙidaya numfashi ba, bai auna nauyin yaro ba, maganin kuma ya sha rana. Ƙwaya biyu ko uku na kafso suna iya kwantar da zafin jiki su bar ciwon yana ci a ɓoye, su kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Ruwan maganin tari ba ya warkar da huhu, wani ma yana sa yaro barci har alamun su ɓuya. A shekarar 2022 a ƙasar Gambiya yara kimanin 70 suka mutu da ciwon ƙoda wanda aka danganta da gurɓataccen ruwan maganin tari da mura, har OMS ta fitar da gargaɗi ga duniya a watan Oktoba na shekarar. Ɗan kasuwar da ke shigo da irin waɗannan kwalabe ba tare da sanin asalinsu ba ya tuna cewa ƴaƴan maƙwabtansa ne za su sha, wata rana ma nasa.

Amma jinkirin da ya fi ciwo shi ne na jiran maigida. Uwa ita ce ke fara ganewa, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sai dai maigida yana cin kasuwa a wani gari, ko an tura shi aiki Doso ko Yamai, ita kuma ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗin kabu-kabu. Maganin wannan yana hannun maza, kuma ba ya bukatar dokar gwamnati. Kowane magidanci ya faɗa wa iyalinsa, a gaban mahaifiyarsa da ƴan'uwansa don kada a yi musu daga baya, cewa in yaro yana haki an yafe neman izini. Ya ajiye kuɗin hanya a wuri sananne waɗanda ba a taɓawa don cefane. Ya bar lambar mai babur ko mai mota da ya amince da shi. Ƴan kasuwar da suka saba da adashi suna iya kafa asusun ɗaukar marar lafiya a unguwa ko a ƙauye, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kan hanya a lulluɓe yaro ba tare da an rufe masa fuska ba, a riƙe shi kansa a ɗan ɗage. Jariri a manna shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, don ɗumi. In yana iya tsotso a ci gaba da ba shi nono kaɗan-kaɗan. In ya suma kada a ɗura masa komi a baki.

Abin da ke kan hukuma

In iyaye sun yi nasu, saura na hukuma, kuma tarihin wannan fanni a Nijar yana da darasi. Bayan shirin Bamako na 1987, an gwada biyan kuɗin magani a gundumar Boboye ta nan jihar Doso a 1993, dokar 1995 kuma ta shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya, a daidai lokacin da karyewar darajar sefa ta Janairun 1994 ta tsauwala kuɗin duk abin da ake shigowa da shi. Talaka ya riƙa lissafi kafin ya kai ɗansa. Daga 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, a 2006 kuma gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗauke biyan kuɗi ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Wannan ya tabbatar da cewa in an kusanto da magani aka kuma cire shingen kuɗi, yara suna rayuwa. Sai dai a shekarun da suka biyo baya baitulmali ya riƙa jinkirin biyan gidajen likita kuɗin aikin da suka yi kyauta, kantocin maganinsu suka riƙa bushewa, iyaye suka riƙa komawa da takarda su saya a waje. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun yi rubutu mai yawa a kan wannan.

Abin da yaro mai ciwon huhu ke bukata a CSI ba shi da yawa. Ma'aikacin da zai ɗaga riga ya ƙidaya. Amoksisilin mai narkewa a ruwa, wanda tun 2014 OMS ta sa shi a matsayin maganin farko, ana sha safe da yamma har kwanakin da majo ya faɗa su cika, ko da yaro ya warware kafin nan. Ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta auna oksijin na jini, wadda in ta nuna ƙasa da 90 cikin 100 an san dole a tura yaro gaba. Sai motar da za ta kai shi, da oksijin a inda za a kai shi, da wutar da za ta tafiyar da injin. Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011, kuma ma'aikatan da ke zaune a ofisoshinta da na ƙaramar hukumar Dumega su ne suka fi kowa sanin inda ake rubuta kasafi. Tambayoyin da suka dace su yi, su kuma yarda a yi musu, a fili suke: akwai amoksisilin na yara a CSI na yankin a wannan wata? Akwai na'urar auna oksijin mai aiki? Motar ɗaukar marasa lafiya tana da mai? Waɗannan tambayoyi suna kan kowace gwamnati, ta farar hula ko ta soja, domin ciwon haƙarƙari bai san launin tuta ba.

Iyaye kuma suna da haƙƙin tambayar majo, cikin ladabi, nawa ya samu da ya ƙidaya, yaushe za a dawo, wace alama ce za ta sa a dawo kafin ranar. In ya ce mura ce kawai ba ta bukatar kafso, a yarda da shi. Yawancin tarin yara haka yake, nono da ruwa da share hanci da ɗumi sun ishe shi, tare da ci gaba da ƙidaya a gida. Zuma tana lallashin maƙogwaro ga wanda ya wuce shekara, amma ba a ba wanda bai kai ba. Tarin da ya wuce kwana 14 kuwa a mayar da shi a bincika, don kada ya zama tarin fuka.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Nijar ta shigar da allurar Penta cikin rigakafin yara a 2008, wadda ke kare su daga mashaƙo da tarin shiƙa da ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin ciwon huhu, ta kuma ƙara allurar Pneumo a 2014. Ana yin su a mako na 6 da na 10 da na 14, ta dusa kuma a wata na 9. Uban da ya san ranar da bashinsa zai cika ya kamata ya san ranar da ke rubuce a katin ɗansa. Nonon uwa zalla har wata 6 garkuwa ne, tamowa kuwa ita ce ƙofar da ciwon ya fi shiga ta cikinta, yaro mai tamowa kuma alamunsa ba sa fitowa sosai, saboda haka shi ba a jiran lamba ta cika a kansa. A nisanta jariri da hayaƙin murhu da na taba, a bar kafar iska a ɗakin kwana ko da hunturu ne, mai tari ya wanke hannu kafin ya ɗauki jinjiri.

Abin da ake roƙon kowane magidanci ya tafi da shi gida kaɗan ne. Yau da dare, yaro yana barci lafiya lau, ya zauna da uwar ɗansa su ɗaga rigar su ƙidaya tare, don idonsu ya saba da numfashin lafiya kafin ranar da za su bukaci gane na ciwo. Ya rubuta 60, 50, 40 inda kowa zai gani. Ya ba da izinin tun yanzu, ya ajiye kuɗin hanya. Rai na Allah ne, amma Shi ne ya yi umurni da neman magani, ya kuma ɗora kiwon iyali a wuyan maigida.

Allah ya raya zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.